Harshen da Helen Ba Ta Sa a Shafinta Ba

Gab da magariba Helen ta rataya jakar kwamfuta ta nufi tudun bayan Kazage, inda nan kaɗai netwok ke kamawa. Ita ta gina wa ƙungiyar manoma shafin intanet mai Hausa da Gwaranci da Turanci, amma kwanan nan ya rikice. Mutum zai zaɓi Hausa, da ya matsa gaba sai rubutun ya koma kamar sawun kaji. Gobe za a raba irin masara, kuma a shafin kowa zai duba ranarsa.

Ta zauna kan dutse ta buɗe seshan, ɗan ma'ajin da ke riƙe harshen da kowane baƙo ya zaɓa. Na kowa ya ɓace. Saura na baƙo ɗaya, wanda ya shiga ya ƙi fita, zaɓinsa ya danne na jama'a.

Ta goge shi. Ya dawo.

Kukan gyare ya ɗauke ɗif. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya taso daga daji.

"Kin ba kowa wuri," in ji wata murya a bayan kunnenta, can ƙasa-ƙasa. "Mu da muka riga ku zama fa?"

Ba ta waiwaya ba.

"Ku kuka yi sharar gona?" ta ce. "Shafin manoma ne. Ban kira ku ba."

Maɓallan kwamfutar suka fara danna kansu. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ta kife tafinta a kai. Da hannu ɗaya ta rubuta umarnin rushe kowane seshan, ta sa a ba kowa sabo.

Wani abu mai sanyi ya taɓa leɓenta.

Ta danna.

Ihu ya tsaga dajin. Ta rungumi kwamfutar ta gangara a guje, ƙaya na yagar zanenta, ba ta tsaya ba sai ƙofar kawunta Andrawus.

Washegari shafin ya yi lafiya lau, aka raba iri. Amma da Kawu ya gaishe ta da Gwaranci, sai ta tsaya tana kallon bakinsa. Ko kalma ɗaya ta harshen da ta tashi da shi ba ta rage mata ba.

Ta jawo kujera ta zauna gabansa.

"Kawu, fara mini daga gaisuwa. Su zo su sake ɗauka in sun isa."