Sunan da Gwaggo Ta Zuba a Randa

"Ke dai ba ki da kunya, Mardiya! Kuka a tsakar gida saboda namiji?"

"Mijina ne fa, Gwaggo... Wata bakwai ko wasiƙa babu!"

"To, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Tun da jirgin ƙasa ya kwashi Yero zuwa yaƙin basasa, haka suke a gidan nan na Ƙofar Na'isa. Mardiya ba ta iya ajiye damuwa ba: ta yi kuka, ta yi amai, ta share ido ta tashi da malmala biyu. Surukarta Gwaggo Turai kuwa Bafulatana ce gaba da baya. Yero ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "wancan". Ba ta tambaya, ba ta hawaye. Amma ƙafafunta sun kumbura, kai kullum a ɗaure, loma ba ta wuce maƙogwaro.

Sai kuma muryar ta fara. Da rana tsaka, in unguwa ta yi tsit, Mardiya kan ji wani amo kamar daga ƙarƙashin ƙasa: "Yeeero..." Wata maƙwabciya ta ce in mutum ya mutu a nesa, haka gida ke kiransa.

Rana ta huɗu ta yi ta maza, ta bi muryar har bayan madafa. Gwaggo ce durƙushe, ta cusa kai cikin tsohuwar randa.

"Gwaggo..."

Ta ɗago, ido a bushe. "Ruwa nake dubawa."

"Randar nan ta shekara ba ruwa! Don Allah ki yi kukan nan, Gwaggona, ba wanda zai ji a bakina. Abin nan zai kashe ki!"

"Kul."

Bayan babbar salla Yero ya dawo, yana dogara sanda. Mardiya ta ƙwalla ƙara, ta faɗi, ta tashi. "Sanyin idona!" Gwaggo ta juya masa baya yadda aka koya mata, ta ce a ba wancan ruwa. Ta jingina da bango, ba ta sake tashi ba.

Ranar sadakar uku, Yero ya ce a hankali, "Ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunana ba."

Mardiya ta ja hannunsa tana kuka, har gaban randar.

"Sa kunnenka, masoyina."