Mai Lamba Biyu

Ana gab da magariba Filibus ya danna maɓallin sabuntawa a kwamfutarsa, a falonsa na Sabon Tasha. Washegari zai nuna wa wata masana'anta a Kudenda manhajar da ya rubuta, kuma aikin da yake nema a can ya rataya a kanta. Da ma lafiya lau take aiki, ƙaiƙayin hannu ne kawai ya ja shi.

Manhajar ta ƙi tashi. Ta rubuto cewa ba ta ga laburarenta ba, wato 'yar manhajar da take jingina da ita. Ya nuna mata sabon da sabuntawar ta kawo, mai lamba uku, ta ce ba shi ba ne. Ya maido tsohon, mai lamba biyu, wasu manhajojin suka mutu. Ya toshe nan, can ya ɓalle, har takaici ya sa ya ji kamar ya rotsa kwamfutar da ƙasa.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Wani ya sake faɗowa, alhali ba kowa a layin. 'Yarsa Phoebe, da ke tsintar shinkafa, ta ajiye faranti a hankali. Ta ba wa kwamfutar baya, amma ta fara karanto abin da ke kan allon da muryar dattijo.

Aka kira Malam Mamman na Nasarawa, wanda ya koya wa Filibus kwamfuta, kuma ya san kan mutanen ɓoye. Ya zauna gaban yarinyar, ya tambaya ko wane ne.

"Ni ne mai lamba biyu," in ji muryar. "Shekara da shekaru ina ɗauke da kayan gidan nan. Ya kore ni, ya kawo mai lamba uku, ko sallama babu."

Malam ya ce to a maido shi. Muryar ta ce ba ta kwana ɗaki ɗaya da ƙaninta. Aka yi ta ja-in-ja har aka sasanta: za a keɓe masa foldarsa, wato ɗakinsa a cikin kwamfutar, daga shi sai manhajar. Malam ya buga umarnin, manhajar ta tashi. Phoebe ta yi atishawa, ta tambayi inda farantinta yake.

Da safe Filibus ya kwafi manhajar a filas, 'yar na'urar ɗaukar bayanai, ya tafi Kudenda yana murna. Ita kaɗai ya kwafa, mai lamba biyu yana gida a ɗakinsa. Ya saka ta a kwamfutarsu, manaja na tsaye a kansa, ta ƙi tashi.

"Yallaɓai, a tawa tana aiki," ya ce.

"To, ka turo mana taka mu ɗauke ta aiki," in ji manaja, ya sa a shigo da na gaba.