Ɗari Shida da Arba'in da Ɗaya

"Mai dafa waken? Ko rabon gurasar chapati sai ta ƙirga da yatsu!"

Dada Mwanahawa ce, yayar Shabani, take yi wa Upendo maganata. Ba su san ina bayan labule ina tsince shinkafa ba.

Rumfar abincin mamata tana bakin jami'a a Darussalam. Wata takwas Shabani, ɗalibin lissafi, yana zuwa cin shinkafa da wake, yana kirana "tauraruwata" a hankali. Ni kuwa ban taɓa iya tambayarsa inda muka dosa ba...

Upendo 'yar ajinsu ce, ita danginsa suke so.

Washegari Upendo ta ajiye mini takarda a gaban kowa.

4,294,967,297.

"Tausi, an ce kin gama sakandare. Wannan lambar tana rabuwa, ko tana cikin masu taurin kai da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu?"

"Upendo, bari mana," in ji Shabani. "Kusan shekara ɗari ta yi tana ruɗar manyan malamai."

"Ai wasa nake!"

Na ninke takardar na soke a zanina.

Kullum in an sauke tukunya, sai in ɗauki gawayi in tsaya bayan ƙofar kicin ina gwada raba lambar. Uku, ta ƙi. Bakwai, ta ƙi. Goma sha ɗaya, saura ya fito. In goge, in sake.

"Ke, aljanu kike wa wasiƙa?" in ji Mama. "Wakenki na ƙonewa!"

Sati uku. Lamba ɗari da sha biyar suka ƙi ni.

Ranar Laraba kuwa... babu saura. Sifili!

Na wanke fuska, na ɗauki faranti, na sami Shabani da yayarsa da Upendo a benci.

"Tana rabuwa," na ce. "Da ɗari shida da arba'in da ɗaya."

Upendo ta taɓe baki. "Shi ya nuna miki a littafi."

Na buɗe ƙofar kicin har bango. Baƙa ƙirin take da lambobi, daga sama har ƙasa.

Dada Mwanahawa ta tashi, ta daɗe tana kallo. Ta kama hannuna, ta juya faratana da gawayi ya cinye.

"Da hannu? Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Dada."

"Ƙanwata... na yi miki rashin kunya. Ki yafe ni." Ta juya ga ƙaninta. "Kai kuma sakarai, har yaushe za ka yi ta yawo da abin nan?"

Ta fizgo farin hankici daga aljihunsa, da wasiƙa naɗe a ciki. Duk 'yar garin nan ta san haka ake naɗe wasiƙar neman aure.

Upendo ta gyara zama.

Shabani ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. "Tauraruwata, ai ni..."

Na ɗaga kaina, karo na farko na kalle shi ido cikin ido.

"Shabani, wasiƙar nan, gidan wa za a kai ta?"