Gadon Barkono a Ɗakin 'Yar Gwaggo

Barkono ta faɗo ɗakin Mama ko sallama babu, ta yi jifa da jaka.

"Mama, gadona! Gadona na gani a ɗakin 'yar Gwaggo!"

"Wane gado, ke da ko aure ba a ɗaura miki ba?"

Nata ne kuwa. Kafinta, saurayinta, shi ya ƙera shi, ya sassaƙa tattabaru biyu a allon kai saboda ita. Yau ta je ganin ɗakin amarya, sai ga 'yar Gwaggo ta baje a kai tana fari da ido, wai, "Saurayinki ya iya aiki, wallahi!"

Mama ta taɓe baki. "Sau nawa ana ɗaga bikin nan? Jiya kayan atisayen gudu, yau kuɗin mota da masauki. Duk abin da ya samu, ƙafar ƙanwarsa ke cinyewa. Ga ɗan mai kanti yana ta sintiri. Ko a sa rana, ko ki sallame shi!"

Barkono ta zari mayafi, sai shago. Ta same shi yana goge katako, gari har gira. Auta, ƙanwar tasa marainiya mai gasar gudu, tana zaune a benci, dawowarta ke nan daga fili.

"Sannu, uban 'yan gudu! A rasa wadda za a sayar wa gadona sai wadda ta fi kowa son ganin bayana?"

"Haba, Barkonona, gasar ƙarshe ce. In ba ta je ba..."

"Kullum ta ƙarshe! Auta, Auta, Auta! Ni fa? Ko sai na ɗaura gajeren wando na zagaya fili za ka gan ni? Zaɓi yau: ni ko ita!"

Auta ta sunkuya ta zare takalmanta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaya, ka sayar da su. Na daina. Ka auri Anti."

Barkono ta buɗe baki, sai idonta ya sauka a ƙafar yarinyar. Farcen babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, dunduniya duk ta sale.

"Ke! Mene ne wannan?"

"Sun matse ni tuntuni. Na ji tsoron in na faɗa, a sake ɗaga bikinku."

Ashe wadda take jin haushi, da jini take kare mata aure! Ta juya kan Kafinta kamar za ta cinye shi.

"Kai wane irin wa ne? Ka iya auna katako, ka kasa auna ƙafar ƙanwarka? Ɗebo ruwan ɗumi! Kuma gobe ka turo a sa rana. Ko a katifar ƙasa ce, na yarda."

Mama ta yi faɗa har ta gaji, aka sha biki.

Ranar gasa, muryar amarya ta fi lasifika. Auta ta zo ta uku. Kafinta ya ware hannu yana washe baki, yarinya ta wuce shi fuu, ta faɗa jikin Antinta.

"Au, haka ne?" ya ce, fuska a murtuke. "Ni da na..."

"Yi haƙuri, angona," in ji Barkono. "Da zafi, ko?"

Ku ji da kyau, 'yan mata: namijin da ya riƙe marainiyar gidansu ba zai yar da ke ba. Kishi dai a sa masa linzami, mai haƙuri shi ke dafa dutse.