Tsarabar Gwaggo Laraba

Rana ta yi ja lokacin da Elnathan ya tada babur daga kasuwar Birnin Gwari, zai koma ƙauyensu can bayan Kakangi. Mai shayi ya ce ya kwana mana, daji ba daɗi. Ya ce mutumin da ya hau jirgin sama har Holan ba kurmi ne zai tsorata shi ba.

Holan ɗin nan kuwa, kunnuwanmu sun sha. Ƙungiyar manoma ce ta kai su ganin kiwon shanu, ranar ƙarshe aka zaga da su Amstadam, garin da ruwa ne titunansa. Yini guda fa. Amma in Elnathan ya buɗe baki, sai ka rantse can aka yanke masa cibiya.

Ya sayi agogo, ya sayi takalmi, duk nasa. Sai da suna cikin jirgin ruwan zaga gari, jagoransu na ba da labarin kekunan da ake tsamowa daga ƙasan ruwan, sannan ya tuna da Gwaggo Laraba, yayar ubansa, wadda ta goya shi tun rasuwar uwarsa. Matafiyi ba ya shiga gida ba tsaraba. Sai gogan naku ya zura hannu ya cika gorar roba. Ko sallama bai yi wa masu ruwan ba, abin da ko akuyar garinmu ta san ana yi kafin a taɓa baƙon ruwa.

Ya ce mata maganin yanar ido ne na Turawa. Tsohuwa ta rungume gora tana hawaye, tana sa masa albarka. Safe da yamma tana ɗigawa, ido na ƙara ja, tana cewa aiki yake yi. Shi kuwa yana teburin mai shayi yana kwaikwayon ƙifce-ƙifcenta, ana ta dariya. Ranar da ya je kasuwar nan ma satar gorar ya yi ya kawo nunawa, har ya zuba cikin murfi ya kurɓa, wai a ga ruwan Turai ba ya kisa.

Da ya shiga daji ya kashe fitila, kada 'yan bindiga su hango shi. Rani ne, ganye na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya. Can sai gyare suka yi tsit.

Ƙirin. Ƙirin.

Ƙararrawar keke, a bayansa. Ya waiga, ba kowa. Ya ƙara wuta.

Wari ya biyo shi. Warin tsatsa da gansakuka da ruɓaɓɓen laka, a wurin da rabonsa da ruwan sama tun kaka. Ƙaras-ƙaras ɗin ya koma facal-facal. Babur ya yi tari ya mutu.

Ya sauke ƙafa. Ruwa, har idon sawu. Sanyi kamar ƙanƙara.

Ƙirin.

Yanzu a gabansa ne.

Keken ya fito daga tsakanin itatuwa a hankali, ba sarƙa, ba iska a taya. Wanda ke bisa keken dogo ne, fari fat kamar rogon da ya kwana a jiƙe. Ruwa na zuba daga hannun rigarsa. Ya tsaya bai sa ƙafa a ƙasa ba.

"Ruwana," ya ce, ƙasa-ƙasa. Da Hausa kuma, don su ba ruwansu da tafinta.

Ruwa ya kai gwiwa. Elnathan ya nemi sunan Yesu a bakinsa, haƙora suka hana. Ya lalubo gora ya miƙa. Abin ya ɗaga ta, ya auna da sauran hasken sama.

"Bai cika ba."

Ruwa ya kai ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne," in ji Elnathan. "Yana idon wata tsohuwa."

"Wace?"

Ruwa ya taɓa haɓa.

Ya faɗi sunanta. Ya faɗi ƙauyen. Ba a tambaye shi ba, ya ƙara da cewa ɗakin da ke gindin tsamiya ne, kuma ba ta sa sakata sai ya dawo.

Ruwan ya janye kamar an zare tabarma. Ƙasa busasshiya. Ƙararrawa ta yi gaba, ta nufi ƙauye, ba gaggawa.

Ya buga babur, bugu ɗaya ya tashi. Ku lura fa, babur ya fi keke gudu. Da ya so, da ya riga shi isa, ya ɗauke ta.

Ya juya kan babur ya koma Birnin Gwari.

Washegari aka sami Gwaggo Laraba a kan tabarmarta. Ɗaki a bushe, zaninta sharkaf, ramin idanunta biyu ƙayau kamar ƙanzo. A gefe ga tuwon da ta rufe masa. Maƙwabciyarta Jemima ta ce ta ji ƙararrawa bayan faɗuwar rana, ta kuma ji tsohuwa na murna tana cewa, "Ɗana, keke ka sayo? Shigo, yau kamar ina ɗan gani."

Elnathan ya yi kuka a jana'iza, ya fi kowa ƙara. Ya ce hawan jini ne.

Tun daga nan bai sake ambaton Holan ba. Ya tare a cikin gari, ya sayar da babur, ko kwata ya gani sai ya kewaye. Har ya fara ƙiba.

Ran nan da magariba ya fito shan iska, ya tarar da gorar a bakin ƙofarsa, a tsaye, tana naso. Ya ɗaga ta, ya auna da hasken sama.

Ta kusa cika.

Saura cikin murfi ɗaya.