Rigar Rana Biyu

"Au! Wai har yanzu ɗinkin kike yi? Ke nan bai faɗa miki ba?"

Allura ta shige min yatsa, ban ko ce wash ba. Na ɗago na ga Trudi tsaye a ƙofar baya ta gidan burodin da nake aiki, tana kaɗa makullin mota.

Baƙar rigar tana kan cinyata. Duk wanda ya tashi a cocinmu ya san rigar nan. Ita yarinya take sawa ranar baftisma, ita kuma take sake sawa ranar aurenta, makonni kaɗan tsakani. Shi ya sa in budurwa ta shiga ajin baftisma da bazara ba a tambayar ko aure za ta yi. Sai dai a tambayi wa za ta aura.

Ni kuwa kowa ya san wa.

Isbrand Dyck.

"Me zai faɗa min?" na tambaya.

"Jami'o'in duka biyu sun ɗauke shi, Neta."

Ta jawo buhun fulawa ta zauna ba tare da na ce ta zauna ba. A nan Teksas aka haifi Trudi, tare suka gama sakandare da Isbrand. Ni a ƙauyenmu na Meziko na tashi, karatuna ya tsaya ina shekara goma sha biyu. Turancina na sayar da burodi ne kawai.

"Bari in yi miki dalla-dalla, tunda lissafi ba layinki ba ne. Duka biyun irin karatun nan ne na haɗe, in ka shiga daga sakandare sai ka fito likita, ba sai ka sake neman gurbi a tsakiya ba. Ta kusa tana nan birni, kowace Lahadi zai iya dawowa gida. Amma tallafinta na shekarun farko ne kaɗai. Shekaru huɗun likitanci, masu tsadar, shi zai biya. In makinsa ya sauka kuma, su karɓe kujerarsa."

"Ta nesan fa?"

"Can arewa, bakin iyakar Kanada. Kyauta daga farko har ƙarshe, shekara takwas. Sharaɗinsu ya zauna a ɗakin ɗalibai, in ya gama kuma ya yi musu aiki a ƙauyukansu." Ta ɗan karkata kai. "Ta kusa ya ce zai ɗauka. Saboda ke."

Zuciyata ta yi wani irin tsalle...

"Murmushi kike? Ke dai Allah Ya shirye ki! Kin taɓa ganin banki ya ba yaro irin wannan bashin ba mai tsaya masa? Gonar ubansa za a jinginar. Gyaɗar, audugar, har injin ban ruwan."

Ta miƙe ta kaɗe siket ɗinta.

"Ni dai tausayinku nake ji. Ki ci gaba da ɗinkinki."

Ranar Lahadi da yamma Isbrand ya zo kamar yadda ya saba. Muka zauna a bayan a-kori-kurarsa, yana ɓare ƙwayar furen rana da haƙori yana tofar da ɓawon.

"Netata, yau kuma wa ya ci bashin fara'arki? Faɗa min in je in karɓo."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya daina tauna.

"Trudi ko? Bakin yarinyar nan ya fi injin casar gyaɗa."

"Ƙarya ta yi?"

"A'a... amma ba ta san komai ba. Ji nan, masoyiyata. Na yi magana da dattawan coci. Sun ce in dai zan riƙa dawowa kowace Lahadi ba za su hana ni baftisma ba. A yi mana tare, a ɗaura mana aure, in kama mana ɗan ɗaki a birni. Bashi kuwa, kin taɓa ganin likitan da ya kasa biyan bashi?"

"In ba ka zama likitan ba fa?"

"Haba Neta!"

"Ita ta ce in makinka ya sauka sai su karɓe kujerar."

Ya kawar da kai.

"Kujerar ta tafi, bashin ya zauna. Haka ne?"

"Ba zai sauka ba!"

Na san abin da ya sa ya ɗaga murya. Yana yaro mahaifiyarsa ta rasu a asibitin birni, tana ta faɗin inda yake mata ciwo da harshenmu, ba wanda ya ji ta. Tun ranar ya ce sai mutanenmu sun samu likitan da ke jin maganarsu.

Ya kamo gefen ɗankwalina yana murzawa.

"Ki bar min lissafin, abar ƙaunata. Ke dai ki gama rigar."

Na ce to. Ni dama to ɗin ce ta fi min sauƙi a duniya.

Cikin makon mahaifinsa ya shigo gidan burodi. Bai taɓa shigowa ba, ƙannen Isbrand yake aikowa. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a ba ku?"

"Mai kai biyun nan, leda guda."

Na shiga zubawa. Shi kuwa bango yake kallo.

"Zan sa masa hannu, 'yar nan. Ɗana ne. Ya ce ko ta kusa ko ya haƙura da karatun." Ya murza hular. "Rijiyar gonar sai ja da baya take, kowace shekara sai mun ƙara mata zurfi. Ƙannensa huɗu, ba wanda ya iya komai sai noma."

"Baba, ni..."

"A'a. Ban zo roƙonki ba. Burodi na zo saya."

Ya ajiye kuɗin, ya sa hularsa ya fita.

Burodin yana nan kan tebur, ya manta da shi.

Da na gaya wa Mama a gida, sai ta dire kwanon hannunta.

"Ina ruwanki da gonar wani? Ke Aganeta, ki buɗe kunnenki! Duk garin nan an ga kin shiga aji. In yaron nan ya tafi, wa zai ɗauki yarinyar da aka yi wa baftisma don wani? Ki riƙe abinki da hannu biyu!"

"Mama, ƙannensa..."

"Ke ma ƙanne gare ki! Ki zauna min a gida kamar tsohuwar kujera, su ta ina za su wuce?"

Gaskiya ta faɗa. Baba Dyck ma gaskiya ya faɗa, haka Trudi. Ni ce dai a tsakiya, da allura a hannu.

Lahadin da ta rage kafin ya ba jami'a amsa, na ce ya kai ni gonarsu. Ya yi ta tsokanata a hanya, wai amarya ta zo duba dukiyar miji. Muka tsaya a bakin gyaɗar da ta fara tsiro, dogon injin ban ruwan nan yana zagawa a hankali yana feshi.

"Isbrand."

"Na'am, uwargida."

"Ka tafi arewa."

Ya yi dariya. Da ya ga fuskata sai dariyar ta mutu.

"Me kika ce?"

"Ka ɗauki ta kyautar."

"Wa ya zuga ki? Baba? Wallahi yanzu zan je..."

"Ba wanda ya zuga ni. In gonar nan ta tafi saboda ni, da wane ido zan zauna teburi ɗaya da ƙannenka? Duk burodin da na gasa a gidanka ƙasa-ƙasa za ka ji shi a baki."

"Ba za ta tafi ba!"

"Ka rantse."

Ya buɗe baki. Ya rufe.

Isbrand bai taɓa yi min ƙarya ba, ranar ma ya kasa.

"To mu tafi tare," ya ce.

"In kwana ina? Ƙarƙashin gadonka a ɗakin ɗalibai? In yi magana da wa? Kuma ka san dattawa. Wanda aka yi wa baftisma ba ya nisa da coci. In za ka tafi, sai ka fita daga ajin."

"To ke ma ki fita! Ki jira ni, Neta, don Allah..."

"Har yaushe?"

"Shekara takwas... sai horon asibiti... sai aikin da zan yi musu..." Muryarsa ta yi ƙasa tun bai gama ba.

"Ni na riga na tsaya gaban jama'a na amsa tambayoyi. Ba a ce wa Allah sai baɗi."

"Ashe ba kya sona."

 Na durƙusa a kan kunyar gyaɗa.

"Da ba na sonka da na yi shiru! Shiru ai shi na iya, Isbrand. Da na yi shiru na samu miji!"

Ya durƙusa gabana ya kifa goshinsa a hannuwana. Ban taɓa ganin namiji yana kuka haka ba. Injin ya zagayo ya jiƙa mu, ba wanda ya motsa.

"Don mutanenmu na so karatun nan," ya ce. "Yanzu wasu can zan je in yi wa magani. Na rasa su, na rasa ki. Me ya rage?"

"Gonar," na ce.

Ranar baftisma na sa rigar. Ta zauna min kamar a jikina aka yanka ta.

Mata a ɓangarensu, maza a nasu. A bencin samarin aji akwai gurbin mutum ɗaya da ba wanda ya matsa ya cike. Ina jin idanun matan a bayan wuyana, suna kallona suna kallon gurbin.

Na durƙusa. Shugaban coci ya zuba min ruwa a ka, ya gangaro ta fuskata.

Na gode wa Allah da ruwan nan. Ba wanda ya gane wanne ne wanne.

A bakin ƙofa wata tsohuwa ta kama hannuna. "Sannu 'yar nan, Allah Ya kawo wani. Kin ji labarin Trudi kuwa? Ta samu makarantar aikin jinya. Wai can arewa, garin da yaron Dyck zai je. Tun hunturu ta nema, in ji uwarta."

Tun hunturu...

Tun kafin ta zauna a kan buhun fulawa ta ce tausayinmu take ji.

Na so in tsane ta, na nemi ƙarya ɗaya cikin maganarta in riƙe. Babu. Da gaskiya zalla ta yi min wayo.

Bana bazara ta uku ke nan. Gonar Dyck tana nan kore shar. Duk Asabar Baba Dyck da kansa yake zuwa sayen burodi. Da farko yakan ce, "Yana gaishe ki." Yanzu ba ya cewa, ni ma ba na tambaya.

Ƙanwata Greta ta shiga aji. Jiya Mama ta buɗe akwatina ta ciro rigar, ta ɗaga ta a hasken taga.

"Yadi ya yi tsada. Wannan kuwa sau ɗaya aka sa ta."

Greta ta dube ni a tsorace. "Yaya, in ba kya so..."

"Zo ki tsaya in gwada."

Ta fi ni gajarta kaɗan. Na durƙusa a gabanta, na cika bakina da fil, na fara naɗe gindin rigar.

Rana biyu na ɗinka ta dominsu. Za ta ga ta biyun, ko da ba a jikina ba.