Waƙar Kitson Umma

Ana gab da magariba na saka rikoda a jaka, na ɗauki littafin tambayoyina. Hira zan je yi. Aikina ke nan shekara bakwai: in saurari kiɗan da ba kowa ke iya jurewa ba, in rubuta sharhi a wata 'yar mujalla ta intanet, in bi masu yin sa har ramukansu in yi musu tambayoyi. Kiɗan inji ne, irin wanda ake haɗawa da akwati mai maɓallai da wayoyi jibge. Babu ganga, babu mawaƙi. Ƙanwata cewa take kamar firij ne ya lalace. Ni kuma in ce mata kunnenta ne bai waye ba.

Ina saka takalmi ta leƙo daga ɗakin Umma.

"Yaya, don Allah kar ki daɗe. Kin san ba za ta ci a hannuna ba."

"Awa ɗaya ce, sarkin mita."

Gaskiya ta faɗa. Shekara biyu ke nan ciwon mantuwa ya kama Umma. Ba ta gane fuskar kowa, har tawa. In ka kai mata cokali sai ta datse baki ta juya kai, wai ba ta cin abincin baƙi. Abu ɗaya ya rage mata: wata 'yar waƙa marar kalmomi da take yi da baki a rufe lokacin da take mini kitso ina ƙarama. Ƙanwata ta gwada har ta gaji, ba ta fita daidai. In ni na yi kuwa, sai fuskar Umma ta saki, ta ce, "Au, 'yata ce," ta buɗe baki. Da wannan waƙar take cin abinci, da ita take shan magani.

Wanda zan je wurinsa kowa Mai Wayoyi yake ce masa. Bai taɓa yarda an yi hira da shi ba. Ni ya kira, saboda sharhin da na yi wa kundin kiɗansa na farko. A ciki akwai wani kiɗa na uku da aka gina a kan dariyar mace, an ja ta, an lanƙwasa ta, har sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Na rubuta cewa ban taɓa jin dariya mai rai irin wannan ta fito daga inji ba. Har yau in na tuna da jimlar nan sai in ji kamar in wanke hannuna.

Situdiyon yana bayan kasuwa, a ƙarƙashin wani tsohon shagon sanyaya kifi da aka rufe. An ɗauke wuta a layin gaba ɗaya. Tun daga saman matakala ƙarni ya tare ni. Ba na kifi kawai ba. Akwai tsamin rigar da aka jiƙa aka manta da ita, akwai kuma wani hamami mai ɗumi kamar na bakin wanda bai wanke ba. Na ja mayafi na toshe hanci. Na shiga wuraren ƙazanta da yawa a aikin nan, don masu kiɗan nan sun ɗauka rashin wanka ma fasaha ne, amma wannan ya fi ƙarfina.

Wata mata ce ta buɗe ƙofa. Siririya, idanunta sun faɗa. Na yi sallama, ta motsa leɓe, ban ji komai ba.

"Matata ce," in ji wata murya daga ciki. "Ba ta da yawan magana. Shigo, Malama."

Yana zaune a kujera mai taya, singileti a jikinsa da ta zama ruwan ƙasa. Faratansa dogaye, da baƙin datti a ƙarƙashi. A bayansa injin ne, ya cinye bango guda, ƙananan fitilu ja da kore suna ƙyaftawa. Wayoyi sun sauko daga jikinsa sun rufe ƙasa. Na taka ɗaya, na ji ta yi laushi a ƙarƙashin takalmina. Na ɗage ƙafa da sauri.

Na zauna a bakin wani benci mai danƙo, na ciro rikoda.

"Ajiye wannan abin wasan," ya ce. "A nan da makirufona ake magana. In mun gama zan ba ki hirar tsaf."

Ban so ba, amma wa zai yi musu da mutumin da aka shekara ana nema? Ya tura mini makirufo. Soson da ke kansa a jiƙe yake. Ya miƙo abin sawa a kunne, kushinsa duk maiƙo. Na goge da gefen mayafi, na saka ina yatsina fuska.

"Gwada mu ji."

Kowane ɗan jarida da yadda yake gwada makirufo. Wasu su ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wasu su faɗi abin da suka karya da shi. Ni kuwa, tun da na fara aikin nan, waƙar kitson Umma nake yi, don tana hawa tana sauka, nan da nan kake gane ko sautin ya yi daidai. Ban yi tunanin komai ba. Na rufe baki na yi ta, tun daga farko har ƙarshe.

Matar tana tsaye da kofin ruwa. Na ga kofin ya karkace, ruwan yana zuba a kan ƙafarta, ba ta ko duba ba.

"Kai!" in ji Mai Wayoyi a hankali. Ya lashe leɓe. "Wannan ta daɗe a jikinki."

Na ji wani ɗan ɗaci a maƙogwaro. Na yi gyaran murya na buɗe littafi.

"Malam, masu sauraro suna tambaya, yaya kake samun sauti mai rai haka? Kowa yana da irin injin nan, amma nasu a bushe yake fita."

"Su kwafa suke yi. Ni ɗauka nake."

"Ban gane ba."

"In kin kwafi abu, na asali yana nan wurin mai shi. To me kika samu? Inuwa." Ya sosa wuya, ya duba abin da farcensa ya kwaso, ya goge a wando. "Dariyar da kika yaba, kin san ta wace ce?"

Ya nuna matar da haɓa.

"Ranar da aka ce mata tana da ciki ta yi ta. Ba ta ƙara yin wata ba. Kiɗa na biyar kuma kukanta ne, ranar da cikin ya zube. Daga nan sauran muryar ta bi a hankali." Ya yi murmushi. "Kin ce mai rai ce. Ke kaɗai kika gane, shi ya sa na kira ki."

Na so in ce wasa yake, irin surutun da masu fasaha ke yi don a ce su daban ne. Sai idona ya yi abin da ya saba, ya bi wayar wuta don ya ga inda injin yake ci.

Filogin yana yashe a ƙasa. Ya yi tsatsa.

Babu wuta a layin. Babu ƙarar janareta. Fitilun kuwa suna ta ƙyaftawa.

Waya ɗaya ce mai kauri ta fita daga bayan injin. Na bi ta da ido. Ta ratsa ɗakin, ta shige ramin da ake zubar da ruwan kifi a tsakiyar daɓe. Bakin ramin ya yi baƙi, yana naso. Wayar tana kumbura tana sacewa, tana kumbura tana sacewa.

A cikin kunnena, sai na ji waƙar Umma ta dawo. Muryata ce. Amma a ƙarƙashinta akwai wani sauti. Tauna. Tauna mai ruwa-ruwa, ta bakin da ba haƙora, ana yi ana tsotsa.

Wani abu ya yi gyatsa a cikin ramin. Hamamin ya bugi fuskata.

"Tun kafin a gina shagon yake nan," Mai Wayoyi ya raɗa. "A da ƙazantar kifi yake ci. Ni na koya masa abin da ya fi daɗi. Shi ya ci, ni ya bar mini sautin." Ya matso da makirufon bakina. "Ya ji daɗinki, Malama. Ci gaba da tambaya. Ko ki yi ihu, ya fi son ihu."

Na buɗe baki zan nemi tsari.

Matar ta ɗaga hannu. Ta ɗora tafinta a kan bakinta, ta danne, tana kallona, tana girgiza kai.

Na rufe bakina. Na yi addu'ar a zuci.

Na cire abin kunnen. Ya fito da wani zare mai yauƙi.

Na miƙe. Wata waya ta zagaye idon sawuna. Ɗumi gare ta, da danshi, kamar hanjin da aka ciro yanzu.

Ihu ya taso mini har wuya. Na cusa mayafi a baki na ciza.

"Haba, Malama. Kalma ɗaya."

Wayar ta hau ƙwaurina.

Ruwan ramin ya fara tasowa, baƙi, da kumfa. A cikin kumfar akwai muryoyi ƙanana. Tarin tsoho. Kiran wata uwa. Dariyar nan da na yaba.

Na ja ƙafa. Ta riƙe.

Na sake ja. Takalmin ya fita, ƙafar ba ta fita ba.

Sai matar ta saki kofin. Ta durƙusa, ta kama wayar da hannu biyu, ta sa haƙori ta gartsa mata cizo. Wani baƙin ruwa ya fantsamo mata a fuska. Fitilun suka mutu gaba ɗaya.

A cikin duhu na ji hannunta mai sanyi ya tura ni wajen ƙofa.

Na riƙo ta, na ja. Ta fizge.

Na hau matakala da rarrafe.

A bakin titi na durƙusa na yi ta amai har sai da ba abin da ke fita. Mutane suna wucewa, wani ya ce, "Sannu, baiwar Allah." Na ce, "Yauwa." Da na ji kalmar ta fita da sautinta, sai na fashe da kuka don murna. Muryata tana nan. Na ce na tsira.

Da ƙafa ɗaya babu takalmi na isa gida. Na yi wanka sau uku, na jefar da mayafin a shara. Ƙanwata tana tsaye da kwano.

"Yaya, me ya same ki? Tun ɗazu take jira."

Na karɓi kwanon na zauna gaban Umma. Na ɗebo cokali. Na rufe baki zan fara.

Iska ce kawai ta fita ta hancina.

Na sake gwadawa. Ina jin waƙar a kaina, kowane hawa da sauka, amma wurin da take zama a maƙogwarona ya zama fanko. Ina iya magana, ina iya tari, ina iya kowace waƙa ta duniya. Ita kaɗai ce babu.

Umma ta dube ni sama da ƙasa, ta datse baki.

"Ba na cin abincin baƙi."

Kwana uku muna fama. Ruwa ma sai da dabara, a jiƙa mata leɓe da auduga. Likita ya zo ya ce in aka ƙara kwana biyu sai an saka mata roba ta hanci. Na koma bayan kasuwa da rana tsaka tare da ƙartin maza biyu. Mun tarar da ɗakin a share, ba inji, ba shi, ba matarsa, an toshe ramin da siminti ɗanye.

A rana ta huɗu saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Kiɗa ne guda, minti shida. A ƙasa an rubuta: "Sabon aiki. A yi mana sharhi mai kyau."

Wallahi gogewa zan yi. Yatsana ne ya zame, ya taɓa inda bai kamata ba.

Waƙar kitso ta cika ɗakin. Muryata, an ja ta, an yi mata ado, ta fi yadda na taɓa yin ta daɗi. A ƙarƙashinta kuma ga taunar nan, ga tsotsar nan.

Umma ta ɗago kai daga matashi. Fuskarta ta saki.

"Au, 'yata ce."

Ta buɗe baki.

Ƙanwata ta dube ni, na dube ta. Na ɗauki cokali.

Na bar aikin sharhi tun daga ranar. Ban rubuta masa ko harafi ba, amma na ji wasu sun rubuta, sun ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Ni kuwa ko ƙarar firij na ji sai in toshe kunne.

Sau uku a rana nake kunna ƙazantar nan. In jingina wayar da kofi, in zauna da kwano, ina haɗiye amai. Umma tana ci sosai yanzu, har ta yi ƙiba. Abin da ban gaya wa ƙanwata ba shi ne, taunarta tana tafiya daidai da ta cikin kiɗan.

In ta ƙoshi sai ta shafa wayar da tafin hannu, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Sannan ta juyo ta kalle ni da cokali a hannu.

"Ke kuma, baiwar Allah, wa kike nema?"